Gidan da Ba Ɗakin Baƙi

Kasablanka, watan Fabrairu

Zuwa ga yayana, Dadda Bassu, ɗan kawuna,

Sallama da gaisuwa mai yawa. Ina fata takardar nan ta same ka lafiya, kai da Itto da yara da jikoki da duk mai sa hannu a kwanonka. Yaya gwiwar? Direban motar kasuwa ya ce ya gan ka kana ɗingishi, kana kuma rantsuwa lafiyarka ƙalau. Ni dai alhamdu lillahi, sai bayan nan nawa da ke tuna mini shekaruna duk sanda na ɗaga tukunya.

Ga abin da ya sa na rubuto. In Allah ya kai mu rani zan ajiye aiki. Na dafa wa gidan yayana Lahsan abinci tun ina yarinya, na zo na dafa wa marasa lafiyan asibitin nan har kaina ya yi fari, yanzu kam ludayi ya ishe ni. Gida zan dawo. Ba gidanka ba, kada ka tashi Itto ta fara share ɗaki. Ka tuna filin nan na kan tudu da ya faɗo wa mahaifiyata a gadon Kaka, wanda kowa ya ƙi saboda duwatsu, mai tsohon ɓaure da zaitun biyu? Can nake so a gina mini ɗan gida, kuma kai nake roƙo ka tsaya a kan aikin.

A cikin ƙunshin nan akwai igiya. Tsawonta shi ne tsawon gidan, daga bakinta zuwa ƙullin da na yi shi ne faɗinsa. Kada ka yi dariya, ba da ka na auna ba. Na zana gidan da alli a saman benenmu, inda mata ke shanya, duk ranar hutu sai in shiga ciki da tabarma da buta in zauna, ina gwada inda zan kwanta, inda zan yi salla, da inda hannuna zai kai ga gishiri ba sai na miƙe ba. Maƙwabta sun ɗauka na zautu. Wata ma ta tsallaka mini bango da kwandon wanki, na ce mata, "Baiwar Allah, ba ki ga ƙofa ba?"

Bangon na ƙasa nake so, irin namu na dā da ake dakawa cikin katako, mai kauri, ba bulo da siminti ba, don kada in gasu da rani in daskare da sanyi. Babbar taga ta kalli kudu, a dasa inabi a kanta: da zafi ganyen ya yi mini inuwa, da sanyi ya zube rana ta shigo har kan gado. Rufin ya ɗan karkata, ruwan sama ya bi indararo ya sauka cikin tanki a ƙasa, a shafe cikinsa da farar ƙasa. Farantin sola ɗaya ya ishe ni, ƙwan fitila biyu da rediyo. Bayan gida a can gefe, irin wanda ake zuba wa toka, ba ya shan ruwa. Ruwan wanke-wanke ya gangara gindin rumman da na'a-na'a. Sai kaji kaɗan, da amya biyu daga cikin naka, in rowarka ta bari.

Ɗaki ɗaya ne, Dadda, ba ɗakin baƙi.

Ka gaishe mini da Itto. Sabulun da ke ciki nata ne, ba naka ba.

Ƙanwarka,
Tuda

*

Ait Tazart, ƙarshen Fabrairu

Zuwa ga ƙanwata Tuda, 'yar gwaggona,

Amin wa alaikumus salam. Takardarki ta iso, mun yi murna ƙwarai. Duk muna lafiya. Gwiwa garau take, direban nan ba ya gani da kyau, shi ya sa ya taɓa take mini kaza. Ruwa ya sauka sau biyu, sha'ir ya yi kore shar, baƙar akuya ta haifi tagwaye. Itto na gaishe ki, ita ta fizge takardar ta karanta kafin ni. Tun da ta shiga ajin yaƙi da jahilci na mata a masallaci ba rubutun da ke tsira a gidan nan, har buhun taki sai ta tsaya ta karanta shi da ƙarfi.

To, 'yar birni za ta dawo! Wallahi da na ji haka sai da na fita tsakar gida na zagaya ba dalili. Amma igiyar nan taki ta ba ni kunya. Da na kwance ƙunshin na ɗauka ta ɗaure jaki kika aiko mini, har na fara godiya. Na ɗauki Addi magini muka hau tudun, muka shimfiɗa ta kamar yadda kika ce. Addi ya shiga tsakiya ya buɗe hannuwansa, ya juya dama ya juya hagu, ya ce, "Bassu, tsakani da Allah, na kajin muka fara aunawa ko nata?"

Na ce, "Ka iya bakinka, 'yar gwaggona ce."

Ya ce, "Ai shi ya sa na tambaya a hankali."

Amma da na karanta masa zancen bangon ƙasa, sai ga tsohon nan ya hau shafa gemu. Ya ce rabonsa da a kira shi ya daka bango tun kafin ya aurar da 'yarsa ta fari, kowa siminti yake so, katakansa na nan a rumbu gara na ci. Ya tona ƙasar wurin ya dunƙula a hannu, har da ɗanɗanawa, ya ce ta yi. Shawararsa a jingina gidan da babban dutsen nan, don ya tare miki iskar arewa, ɓauren kuma ya zama a gabas, ba a taɓa saiwarsa ba. Tanki da sola duk mun yarda. Na bayan gida ne ya ba mu dariya. Mu nan mun shekara muna roƙon Allah ya kawo mana mai ruwa, ke kin taso daga birni za ki mai da mu toka.

Saura magana ɗaya. Kin ce ba ɗakin baƙi, ni kuwa na san ki, na san gidan da kika fito. Gwaggo ma haka take, Allah ya jiƙanta, a miƙa mata nama ta ce ta ƙoshi alhali cikinta na kuka. Kunya ce ta hana ki faɗa, kina tsoron ɗora mana nauyi. To ba nauyi. Gayya za mu kira, gari zai fito, gungumen rufi kuma ina da su a bakin rafi. Gida ba ɗakin baƙi, ina liman zai zauna ranar da ya zo yi miki addu'ar shiga, a kan amya? Ki ce to kawai, sauran nawa ne.

Amya biyu kin samu. Rowa kuma ba a gidanmu kika gan ta ba.

Yayanki,
Bassu

*

Kasablanka, watan Maris

Dadda Bassu,

Gaisuwa da fatan alheri gare ka da iyali baki ɗaya. Na ji daɗin labarin ruwa da na tagwaye, Allah ya raya. Ka ce wa Itto ina taya ta murna, ta ci gaba da karatu, in buhunan taki sun ƙare zan aiko mata da jarida. Ni ina nan lafiya. An kawo wadda za ta gaje ni a kicin, yarinya mai hankali, sai dai tana zuba gishiri kamar gadonsa ta ci.

Ka gode wa Addi. Shawarar dutsen ta yi mini, ban yi tunanin iskar arewa ba, na manta yadda take yanka kunne. Ka ce masa na kajin ma shi zai gina, kuma zan duba in ga ko ya fi nawa kyau.

Maganar ɗakin baƙi kuwa, Dadda, Allah ya saka maka da alheri, Allah ya bar zumunci. Na karanta wurin nan sai da idona ya cika, don na san da zuciya ɗaya ka faɗa. Amma don Allah kada ka wahalar da kanka, kada ka wahalar da mutanen gari a kaina. Ɗan ɗakin nan ya ishe ni har ya yi yawa. Ka duba ma, ruwan da rufin zai tara na mutum ɗaya ne da 'yan itatuwansa, haka wutar, haka bayan gidan. Komai na gidan a kan cikin mutum ɗaya na auna shi, kamar yadda ake auna tukunya. Liman kuwa ga inuwar ɓaure nan, na san ba zai ƙi ta ba. Na gode, na gode, amma a bar shi.

Ƙofar ta zama ta itacen gargajiya mai sakata, in akwai tsohuwa a wani kango a saya, na fi son ta da sabuwa. A bar mini 'yar alkuki a bangon arewa inda zan riƙa ajiye man shanu da tulu. Sauran kuwa kai ne babba, kai ne a wurin, abin da ka ga ya dace ka yi, ba sai ka jira takardata ba.

A gaida kowa da kowa.

Tuda

*

Ait Tazart, watan Mayu

Ƙanwata Tuda,

Sallama da gaisuwa. Na san kin ƙosa da shirunmu, ba laifinmu ba ne. Takardarki na isowa aka yi ruwan da ya cika rafi, ya cinye hanya a mashigar kwari, mota ta daina zuwa sai makon nan. Ba wanda ya rasa rai, sai gonar albasar liman da ta tafi yawon duniya. Mu duk lafiya, gwiwa ma ta yi aiki har ta ba matasa kunya.

Yanzu ki gyara zama ki sha labari. Gidanki ya tashi! Ƙasa na shan iska muka kira gayya, gari kuwa ya fito kamar ranar idi. Na yanka bunsuru, Itto da maƙwabta suka kwana biyu kan kuskus. Addi ya kafa katakansa, matasa na ɗauko ƙasa a kwanduna, manya na dakawa da taɓarya suna waƙa, shi kuma yana tsaye a kan bango yana zagin kowa da sunan kakansa. Na rantse ya rage shekara goma. Ɗakinki daidai da igiyarki, ko ɗan yatsa ba mu ƙara ba. An yi rufi, an sa indararo, an haƙa tanki, ƙofar tsohon gidan Kaka ma na ciro na sa miki, sakatarta na aiki. Da tsakar rana in ka shiga sai ka ji kamar ka sa kai cikin randa.

Sannan ga babban albishir. Ranar da takardarki ta zo na karanta wa Addi da liman a bakin kanti. Da na kai wurin ɗakin baƙi, liman ya ɗaga hannu ya ce, "Tsaya. Sau nawa ke nan ta ƙi?"

Na ce, "Biyu."

Ya ce, "'Yar mutunci! Birni bai ɓata ta ba. Kai a garin nan ka taɓa ganin wanda ya karɓi shayi a tayin farko?"

Addi ya ce, "Ko na biyu. Kuma ku ji yawan godiyar. Wanda ba ya so ai ba ya godiya haka."

Ni kuma na nuna musu inda kika ce ni ne babba, in yi abin da na ga ya dace, ba sai na jira ba. Liman ya ce to ai magana ta ƙare, rashin kunya ne a bar mace kamarki sai ta buɗe baki ta roƙa. Don haka tun mutane ba su watse ba muka ja harsashin ɗakin baƙi a gefen yamma, tsawon igiyarki uku, zai ci mutum ashirin a zaune ba gwiwar da za ta taɓa wata. Bango ya kai gwiwa, bayan girbin sha'ir za mu ƙarasa. Kada ki yi godiya, hakkinki ne.

Labari har ya kai gidan Lahsan. Matarsa ta aiko direba ya gaya mini hutun Agusta a wurinki za su yi, su da yara da surukai, wai jikoki za su yi kewar girkinki, iskar tudu kuma za ta yi wa hawan jininta magani. Kin ga tun ba ki tare ba gida ya yi albarka.

Itto na gaishe ki. Ban san me ke damunta ba kwanan nan, tun ranar harsashin nan tukwane take bugawa kamar su suka yi mata laifi.

Yayanki mai cika alkawari,
Bassu

*

Kasablanka, watan Mayu

Dadda,

Ina gaisuwa, ina fata kuna lafiya. Ni ban da lafiya tun da na karanta takardarka, kuma yau ba zan yi maka zagaye-zagaye ba, tunda zagayen ne ya jawo mini.

Ba na son ɗakin baƙi. Ba kunya ba ce, ba kara ba ce, ba jira nake a yi mini tayi na uku ba. Ba na so. A tsayar da aikin.

Ka san shekaruna nawa aka kawo ni birnin nan in yi wa Lahsan reno. Tun daga ranar ban taɓa kwana a ɗaki ni kaɗai ba. Na kwana da jarirai, na kwana da 'yan mata, na kwana a falo a kan kujera saboda baƙi sun zo an ba su katifata. Ko a yanzu da tsufana, jikar Lahsan ce a gefena, ƙafarta a haƙarƙarina. Ban taɓa dafa abin da ni nake marmari ba, kullum sai na tambayi me za a ci. Ina son su duka, Allah ya sani, kuma ba wanda ya zalunce ni da gangan. Amma na gaji, Dadda. Gidan nan da kuke wa dariya, da gangan na matse shi, don kada a samu inda za a shimfiɗa katifa ta biyu. In aka yi ɗakin nan na mutum ashirin, wa zai dafa wa ashirin ɗin? Wa zai ɗebo musu ruwa daga rafi in sun shanye tankin a mako guda? Kicin ɗin asibiti ke nan kuka ɗauko mini kuka ɗora a kan tudu, sai dai wannan ba hutun Lahadi.

Na ji zafi da ka karanta takardata a bakin kanti, maza uku suka zauna suka yanke abin da nake nufi, ni ina raye ina da baki. In har sai da ɗakin baƙi, to ka zuba awakinka a gidan, ni in nemi ɗakin haya a nan in ƙarasa kwanana.

Na san wannan takarda ba irin wadda ƙanwa ke rubuta wa yayanta ba ce. Ka yi haƙuri. Ƙofar Kaka da ka sa mini kuwa, na yi kuka da na ji.

Tuda

*

Ait Tazart, watan Yuni

Tuda,

Gaisuwa. Muna lafiya, an fara girbi.

Takardarki ta zo, na karanta ni kaɗai. An tsayar da aiki. Ba wanda zai zuba awaki a gidanki.

Abu ɗaya zan faɗa. Ke za ki hau tudu ki rufe ƙofa, ni ne zan zauna a bakin kanti. Tun yanzu an fara tambayata yaushe za a ƙarasa. In na ce an fasa, za a ce Bassu na da gida hawa biyu ya jefa 'yar gwaggonsa a akurki cikin duwatsu, baƙonta ko wurin zama babu. Ba ke za a zaga ba, ni za a zaga, da kabarin ubana. Ban yi don in ɓata miki ba.

Bassu

*

Ait Tazart, watan Yuni

Lalla Tuda,

Ni ce Itto. Da hannuna na rubuta, in kin ga layi ya karkace ki yi haƙuri, wannan ce takardata ta farko zuwa ga mutum. Ina gaishe ki sosai. Muna lafiya. Sabulu ya yi ƙamshi, na ɓoye shi.

Yayanki ya yi kwanaki yana kumbure-kumbure. Ba ya zuwa kanti, abinci ma sai ya ci rabi ya ture, rabin ma na mutum biyu ne. Takardarki ya sa a aljihun rigarsa, ni kuwa ni ke wanki, na karanta. Lalla, ni tun takardar farko na gane. Na faɗa masa ranar gayya, ya ce wata nawa na yi a aji da zan koya masa karatu.

Shekaranjiya na hau tudun in zuba wa rumman ruwa. Da na gama sai na ce bari in leƙa ɗakin. Na shiga na tura ƙofa na sa sakata, don dai in ga ko tana aiki. Na zauna a ƙasa. Lalla, ba wanda ya kira sunana. Ina jin ƙudan zuma a waje, ina jin iska a ganyen ɓaure, shi ke nan. Tun da aka kawo ni gidan nan ban taɓa zama hannuna ba komai ba. Na ce bari in ɗan jingina, sai farkawa na yi na ga rana ta bar taga. Na sauko a guje, na tarar da gida a tsaye, jikoki na kuka, yayanki a tsakar gida da murfin tukunya a hannu yana dubansa kamar bai taɓa ganin irinsa ba.

Ya ce, "Ina kika shiga? Mun duba har rafi!"

Na ce, "Barci na yi a akurkin."

Ya ce, "Barci? Da rana tsaka? Ba ki da lafiya?"

Na ce, "Yau na samu lafiya. Bassu, ƙanwarka ba kunya take ji ba, gajiya ce. Ni ma da za ka yi mini tayin ɗaki irin wannan, a na farko zan karɓa."

Ya ajiye murfin tukunyar. Ya ci abincin da ya makara bai yi mita ba, wannan ma abin a rubuta ne. Da la'asar ya hau tudun shi kaɗai, ya daɗe. Ko barcin ya yi shi ma ban sani ba, amma ya sauko da ƙasa a bayan rigarsa.

Jiya Juma'a bayan an sauko ya tsaya a ƙofar masallaci ya ɗaga murya. Maƙwabciyarmu ta ji da kunnenta. Ya ce shi Bassu ya sake tunani, ya ga ba daidai ba ne baƙin 'yar gwaggonsa su sauka a wani wuri alhali yana raye. Duk wanda ya zo wurin Tuda baƙonsa ne, a gidansa zai ci ya kwana, wanda kuma ya ƙara ko kwando ɗaya a bangon can neman raba shi da baƙinsa yake, sai su haɗu gaban liman. Mutane suka yi ta cewa madalla, haka manya ke yi. Liman ya ce dama shi abin da ya gani ke nan tun farko. Addi ya ce bangon da ya kai gwiwa a bar shi haka, ya zama shingen lambu, akuya ba za ta ci miki albasa ba, ya ce zai yi masa 'yar ƙofa. Yanzu yayanki ya warke sarai, ya sa an shafe ɗakin baƙinmu da farar ƙasa, ya aika a sayo sababbin kofunan shayi, ya kuma aika wa gidan Lahsan cewa Agusta a wurinsa za su sauka. Tafiya yake kamar shi ya ci yaƙi.

To kin samu ɗakinki, shi ya samu mutuncinsa. Ashirin ɗin nan kuwa kin san kan wa suka faɗo. Ba ƙorafi nake ba, na saba. Amma ina da roƙo, kuma ni ban iya zagaye a rubuce ba, hannuna gajiya yake. In kin tare, ranar da za ki fita wani wuri, ko sau ɗaya a wata, ki ara mini ɗakin. Ba zan taɓa komai ba. Zama kawai zan yi.

Kada ki gaya masa na roƙa.

Itto

*

Kasablanka, ƙarshen Yuni

Itto 'yar'uwata,

Gaisuwa mai tarin yawa. Takardarki ta zo, na karanta a kicin na yi dariya har yarinyar nan mai gishiri ta zo ta ga ko lafiya, daga baya kuma sai da na nemi bakin gyale na share ido. Rubutunki ya fi na Dadda kyau, nasa kamar kaza ta bi ta kan takarda. Lafiyata lau, bayan nawa ma ya yi sauƙi tun da na ji labari.

Ki ce wa Dadda na ji abin da ya yi a ƙofar masallaci, na gode, kuma wannan godiyar ba ta ƙi ba ce. Zan rubuta masa tasa daban, mai ladabi, in wanke wadda ta gabata. Ki ce wa Addi lambun ya yi, a bar mini gefe ɗaya na tumatir. Ina tafe da motar kasuwa farkon watan gobe, kayana ba su fi a ɗora wa jaki ɗaya ba.

Roƙonki kuwa ban karɓa ba yadda kika kawo shi. Sau ɗaya a wata ya yi kaɗan, kuma ni ba inda za ni. Ga yadda za a yi. Duk ranar Alhamis da hantsi zan sauko gidanki in karɓi ludayi, har watan Agusta da mutum ashirin ɗinsa. Kwana ɗaya a mako da ni na zaɓa da kaina ba zai kashe ni ba, kada ma hannuna ya manta. Ke kuma ki hau. Ba zan bar miki aiki ba, ba zan ce ki duba kaji ba, ko rumman kika ga yana jin ƙishi ki ƙyale shi. Shayi na cikin alkuki, in kin ga dama ki dafa, in ba ki ga dama ba ki bari.

Ki tura ƙofa ki sa sakata. In Dadda ya tambaye ni ina kike, zan ce masa ya zo ya yanka albasa.

Taki,
Tuda